Wasannin Atari da Ba Su Kai Kasuwa Ba

Shekaru kaɗan da suka wuce na shiga ɗakin ajiya na wani gidan rediyo da na taɓa yi wa aiki, ina neman wata hira da aka ce an yi da wani tsohon makaɗi tun ina cikin zanen goyo. An ɗauki hirar, amma ba a taɓa sa ta a iska ba, don shirin da aka yi ta dominsa ya mutu kafin layi ya zo kanta. Na sami kwalin, ga sunan mutumin a rubuce da biro, ga kwanan wata. Da muka ɗora tef ɗin sai muka ji cigiyar akuya da gaisuwar barka da salla. Wani ya goge, ya ɗora nasa aikin a kai, don a lokacin tef tsada gare shi. Ban zagi wanda ya yi ba, ƙila da ni ne ma haka zan yi. Amma tun ranar nake bin labarin abubuwan da aka yi wahalar yi, aka gama ko aka kusa gamawa, sannan aka jefa a lungu. Wannan bin diddigin ne ya kai ni ga wata na'urar wasa ta Amurka da ban ma taɓa riƙewa ina yaro ba, wato Atari 2600.

Mu abin da muka tarar a yarintarmu shi ne na'urorin nan na jabu masu kwaikwayon Nintendo, da kaset ɗinsu rawaya mai alkawarin wasa 9999, alhali in ka ƙirga da kyau ba su fi goma ba. Atari ita ce kakarsu. Kamfanin, wanda Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa a 1972 a jihar Kalifoniya, ya fito da ita a watan Satumban 1977 a kan dala 199, da wasanni 9 a kasuwa. Ba a daina ƙera ta ba sai a farkon 1992, bayan an sayar da kimanin miliyan 30.

Sai mai karatu ya san ƙanƙantar wannan na'ura kafin ya gane nauyin aikin da aka zubar. Ƙwaƙwalwar aikinta bayit 128 ce kacal, wato ba ta isa ta riƙe cikakken saƙon tes guda ɗaya na wayar salula ba. Wasan kansa kuwa, a shekarun farko, dole ya shiga cikin kilobayit 2 ko 4. Hoton da ƙanwarka ta turo maka jiya a WhatsApp ya ninka wannan sau da yawa. Kuma na'urar ba ta da wurin da za ta ajiye hoton allo gaba ɗaya. Mai tsara wasa ne zai riƙa faɗa mata abin da za ta zana layi bayan layi, a daidai lokacin da hasken talabijin ke sharar allon daga hagu zuwa dama, kuma bugu 76 kawai na ƙwaƙwalwar yake da shi a kowane layi. Ya yi jinkirin bugu ɗaya, hoto ya karkace. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin komai, shi ne zane, shi ne sauti, shi ne lissafi, ya shafe wata shida ko fiye. Saboda haka idan aka ce an soke wasa, rabin shekarar wani bawan Allah ce aka naɗe aka sa a durowa.

Me ake nufi da samfurin gwaji? Kaset ɗin da ake sayarwa a kanti yana ɗauke da ƙwayar lantarki da aka buga wasan a cikinta tun daga masana'anta, ba ya goguwa. Amma yayin da ake cikin aiki, ana zuba wasan ne a wata irin ƙwaya da ake kira EPROM, mai ɗan tagar gilashi a gadon bayanta. In aka haska mata wata fitila ta musamman ta wannan tagar, sai abin da ke ciki ya goge, a sake zuba sabo. Shi ya sa ake liƙe tagar da ƴar takarda. Irin waɗannan ake sawa a baƙin kwanso marar hoto, a rubuta suna da kwanan wata, a ba masu gwaji, ko ƴan jarida, ko a kai wajen baje koli. Dokar kamfani ita ce a dawo da su. Da yawa ba su dawo ba, kuma da sun dawo ɗin, da yau ba mu da abin faɗa.

Ɗaya daga cikin na farko-farko zai ba mutanen Katsina da Kano sha'awa, don wasan folo ne, na mahaya dawaki da sanduna. Carol Shaw ce ta tsara shi a 1978, jim kaɗan bayan ta fara aiki a Atari, kuma tana cikin matan farko a duniya da suka yi wannan sana'a. Ba don kasuwa aka yi shi ba tun asali. Kamfanin Warner, wanda ya sayi Atari a 1976, yana da hannu a cinikin turaren Polo na Ralph Lauren, sai aka so a yi amfani da wasan wajen tallar turaren. Ta gama aikin, aka fasa tallar, wasan ya kwanta. Ita dai ba ta kwanta ba. Ta koma kamfanin Activision ta yi River Raid a 1982, wanda har gobe ake lissafa shi cikin mafiya kyau a na'urar. A 2017 ta miƙa takardunta da kayan aikinta ga gidan tarihin wasanni na Strong da ke garin Rochester a jihar New York.

Wani kuma tsautsayinsa ƙanƙanta ce. Chris Crawford ya matse wasansa Wizard cikin kilobayit 2, abin da ya kamata a yaba masa, sai ga shi ya gama a daidai lokacin da masu kula da ciniki suka yanke cewa daga yanzu sai mai kilobayit 4. Sai a 2005, shekara 25 bayan nan, jama'a suka same shi a cikin wata ƙaramar na'urar tuna baya mai suna Atari Flashback 2.

Waɗannan ɗaiɗaiku ne. Babbar annobar da ta kashe wasanni da yawa a lokaci guda ta zo ne a 1983, kuma tushenta cin kasuwa ne da ya wuce kima. Tun da wasan Space Invaders ya shiga na'urar a 1980 kuɗi suka fara zuba kamar ruwan Agusta. Kafin nan, a 1979, wasu ƙwararru huɗu sun yi fushi sun bar Atari, saboda kamfanin ba ya sa sunan mai wasa a kwali kuma ba ya ba shi kaso cikin riba, suka kafa Activision. Da ta tabbata cewa wani kamfani na daban zai iya buga kaset ɗin Atari, sai kowa ya shigo, da gwani da ɗan koyo. Kamfanin Quaker Oats mai sayar da hatsin karin kumallo ya mallaki nasa reshen wasanni. Kamfanin Purina mai abincin karnuka shi ma an yi masa wasan talla. Kantuna suka cika da tarkace, iyaye suka gaji da sayen kaset ɗin dala 30 da yaro zai yar bayan kwana biyu. Ranar 8 ga Disamban 1982 Warner ya sanar cewa ribar da za a samu ba za ta kai yadda aka yi hasashe ba, washegari darajar hannun jarinsa ta zube da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 1983 Atari ya yi asarar sama da dala miliyan 500. Kaset ya koma dala 5 a kwandon gwanjo. A watan Yulin 1984 Warner ya sayar da ɓangaren na'urorin gida ga Jack Tramiel, wanda hankalinsa a lokacin yana kan kwamfuta ne. Duk abin da ke kan teburin masu tsarawa, wanda ya nuna da wanda bai nuna ba, wuta ɗaya ta ci su.

A cikin duk waɗanda abin ya rutsa da su, babu labarin da ya kai na Swordquest daɗin ji, kuma shi ne ya fi nuna irin girman kan da kuɗi suka sa wa kamfanin. An tsara wasanni huɗu ne a jere, na ƙasa, na wuta, na ruwa, da na iska: Earthworld, Fireworld, Waterworld, Airworld. Tod Frye ne jagoran aikin, wanda ya yi wa na'urar Pac-Man. Kowane kaset yana zuwa da ɗan littafin labari mai zane daga kamfanin DC Comics, wanda George Pérez ya zana. In ka ajiye kayan da suka dace a ɗakin da ya dace cikin wasan, sai allo ya nuna maka lambobi, su kai ka ga wani shafi da wani gurbi a littafin, inda aka ɓoye kalma a cikin zanen. Ka tara kalmomin, ka ware na gaskiya daga na ruɗi, ka aika wa kamfani ta gidan waya. Waɗanda suka dace za a gayyace su gasa.

Kyaututtukan ba na wasan yara ba ne. Laya ta zinariya da lu'ulu'u ga na farko, ƙoƙon sha na zinariya da farin ƙarfe mai daraja ga na biyu, kambin sarauta ga na uku, wani dutse a cikin akwatin zinariya ga na huɗu. Kowanne an yi masa kuɗi dala 25,000. Sannan zakarun huɗu su kara a tsakaninsu a kan takobi na dala 50,000. Jimla dala 150,000 ke nan, a farkon shekarun 1980.

An yi gasar farko a 1983. Cikin amsoshi kusan 5,000 da aka aiko, mutum 8 ne kawai suka kawo kalmomi biyar ɗin daidai, ɗayansu ya tafi gida da layar. An yi ta biyu a farkon 1984, aka ba da ƙoƙon. Daga nan jirgi ya fara nutsewa. Waterworld bai shiga kantuna yadda aka saba ba, ta hanyar ƙungiyar masoya Atari aka sayar da shi, shi ya sa yau yake cikin kaset masu wuyar samu. Airworld kuwa, wanda Frye ya so ya gina a kan alamomi 64 na tsohon littafin duba na Sin mai suna I Ching, ko rabi bai kai ba aka tsayar da aikin. Babu wasa na huɗu, babu zakara na huɗu, saboda haka babu karon ƙarshe, ba wanda ya ci takobin. Ka tuna da yaran da suka sayi kaset uku, suka kwana suna ƙura wa zane ido suna neman kalma. An yi musu alkawari a rubuce, a jikin kwali da cikin mujallu, kamfanin da ya yi alkawarin ya sauya hannu, magana ta bi ruwa. A ganina wannan ya wuce asarar wasa, cin amanar mai saye ne, ko da kuwa ba da gangan aka shirya shi ba.

Howard Scott Warshaw nasa labarin ya fi ɗaci. Shi ya yi Yars' Revenge, wanda ya yi kasuwa ƙwarai, ya yi Raiders of the Lost Ark. A ƙarshen Yulin 1982 aka ba shi aikin mayar da fim ɗin E.T. na Steven Spielberg wasa, bayan an biya sama da dala miliyan 20 kuɗin izini, aka ce ya gama kafin 1 ga Satumba don a riski cinikin Kirsimeti. Mako biyar da ƴan kwanaki, a aikin da ke cin wata shida. Ya gama, aka buga miliyoyi, jama'a suka yi ta mayar wa kantuna. Duk wanda ya taɓa haɗa shiri minti goma kafin a buɗe masa makirfo ya san yadda irin wannan aiki ke fita. Wasan da ya samu lokaci ya yi a tsanake bayan nan shi ne Saboteur, inda wani mutum-mutumi ke ƙoƙarin hana a harhaɗa makamin roka. An kusa fitar da shi, sai masu ciniki suka ce a sauya masa riga ya zama wasan shirin talabijin na The A-Team. Aka cire mutum-mutumin aka sa kan Mr. T, shi ma ɗin bai fita ba. Wato wanda aka yi cikin gaggawa duniya ta gani ta yi masa dariya shekara talatin, wanda aka yi da natsuwa kuma ya zauna a duhu har 2004. Warshaw daga baya ya bar sana'ar, ya zama mai ba masu damuwa shawara a yankin da kamfanonin kwamfuta suka taru a Kalifoniya.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin da aka ɓoye zinariya ne. Masu son tsofaffin kaya suna da wannan ciwon, ni ma ina da shi, mu ɗauka duk tef ɗin da ya ɓata ya fi wanda ya rage. Akwai samfurin Tempest, wanda Carla Meninsky ta yi ƙoƙarin matsowa daga babbar na'urar gidajen wasa. Ita gwana ce, ita ta yi Warlords na gida, amma asalin wasan an gina shi ne da siraran layukan haske masu zurfi, abin da Atari 2600 ba ta da ƙarfin zanawa. Wanda ya kalli abin da ya rage zai ce gara da aka bari. Akwai kuma Mindlink, wani ɗamarar goshi da aka nuna a bajen kolin kayan lantarki na 1984, aka yi ta kururuta cewa da tunani za ka sarrafa wasa. Gaskiyar magana motsin naman goshi yake karantawa, sai mutum ya yi ta ɗaga gira yana yamutsa fuska, masu gwaji suka riƙa tashi da ciwon kai. An yi masa wasanni irin su Bionic Breakthrough da Telepathy, suka bi shi kabari. Wannan kam ba wanda ya yi masa zaman makoki.

To, ta yaya suka fito fili? Yawanci ta hanyar da ba ta da wani kwarjini. Tsohon ma'aikaci ya tashi ƙaura ya buɗe kwalin da ya shekara ashirin a gareji. Wani ya rasu, magada suka kai tarkacensa kasuwar ƴan gwanjo. Wasan Thwocker na Activision a shagon kayan hannu aka tsince shi a 2001, shekara guda bayan nan kamfanin da kansa ya sa shi, tare da Kabobber, a tarin Activision Anthology. Good Luck, Charlie Brown a kasuwar gwanjo ya ɓulla a jihar Wisconsin. Kamfanin Parker Brothers ya tallata wasan The Lord of the Rings a kundin kayansa na 1983, bai fito ba, har mutane suka yanke cewa hoto ne kawai aka zana don jan hankali. Kusan shekara ashirin bayan nan wani tsohon ma'aikacin kamfanin ya fito da kaset ɗin, sai ga wasa kusan kammalalle, da Frodo da mahayan baƙaƙen dawaki suna farautarsa a hanyar Rivendell. A kundin nan dai akwai The Incredible Hulk, wanda har yanzu hotonsa kawai ake da shi.

A nan ne rigimar take, kuma ita ce ta fi damuna. Ƙwayar EPROM ba ta dawwama. Abin da ke riƙe da bayanan ɗan cajin lantarki ne da aka tsare a ciki, yana zurarewa sannu a hankali, zafi da haske suna ƙara masa sauri. Kaset ɗin 1983 yau ya haura shekara 40. Maganin abin mai sauƙi ne, a karanta ƙwayar a kwafe ta cikin kwamfuta, aikin ƴan daƙiƙoƙi. Tun 1996 akwai manhajar Stella, wadda Bradford Mott ya fara, mai sa kwamfuta ta yi aiki kamar Atari. Sunan ma daga tarihi aka ɗauko shi, don haka injiniyoyi ke kiran na'urar a asirce lokacin ƙera ta, sunan keken ɗayansu, Joe Decuir. Amma wanda ya zuba dubban daloli ya sayi kaset ɗaya tilo a duniya yana tsoron in ya bari aka kwafa aka watsa, darajar kayansa za ta faɗi. Sai ya kulle a akwati. Ta wani gefen kuma haƙƙin mallaka yana hannun kamfanin da ya sayi kamfanin da ya sayi wanda ya mutu, wanda ƙila bai ma san da wasan ba, amma lauyoyinsa na iya tashi in aka taɓa. Na fahimci mai kaset, kuɗinsa ne, guminsa ne. Sai dai roba da ƙarfen ya saya. Aikin da ke ciki na wani ne da ya yi wata shida yana ƙirga bugu 76, kuma in ya zurare a cikin akwatin, mai akwatin ma ya tashi a tutar babu. Mun san irin wannan a gida, tsohon da ke da littafin kakanni a tukunya, ba ya bari a ɗauki hotonsa, har gara ta riga kowa karantawa.

Ba samfuran gwaji ne kaɗai ke cikin haɗari ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa yanzu. In wannan ne halin waɗanda aka buga dubbai, sai a auna na wanda kwafinsa ɗaya ne.

Kuma akwai wahalar gano mai aikin. Tun da Atari ba ya rubuta sunaye, sau da yawa abin da ke jikin samfuri lamba ce da kwanan wata. Masu bincike sai sun bi tsofaffin takardun ofis, sun nemi dattawan da suka rage, sun kwatanta salon rubutun manhaja kamar yadda malami ke gane hannun almajirinsa a allo. Warren Robinett ya hango wannan tun da wuri, ya ɓoye sunansa a wani ɗakin sirri cikin wasan Adventure ba da sanin shugabanninsa ba.

Mutane da yawa in an ambaci Atari abin da suke tunawa shi ne juji. A watan Satumban 1983 manyan motoci suka kwaso kaya daga ma'ajiyar kamfanin a El Paso ta jihar Texas, suka juye a bolar garin Alamogordo a jihar New Mexico, aka bi da kankare a kai. Shekaru aka yi ana gardama ko abin ya faru ko tatsuniya ce. Ranar 26 ga Afrilun 2014 aka tona a gaban jama'a da kyamarori, Warshaw na tsaye a wurin. Tsohon jami'in da ya kula da zubarwar ya ce kaset kusan 728,000 aka binne, an ciro kimanin 1,300, ba E.T. kaɗai ba, har da wasannin da suka yi kasuwa. An yi gwanjon wasu, ɗaya ya tafi gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Amma waɗannan duk kaya ne da aka buga aka sayar, akwai irinsu a dubban gidaje. Abin da ba shi da na biyu yana cikin durowa da gareji.

Kamfanin da ke riƙe da sunan Atari a yau ya gane akwai ciniki a cikin abin da magabatansa suka yar. A 2022 ya buga Saboteur da Aquaventure a kaset na gaske, da kwali da takardar bayani, masu shiga tsohuwar na'urar 1977. A watan Nuwamba na shekarar, cikin tarin Atari 50 na cikar kamfanin shekara 50, ma'aikatan Digital Eclipse suka gina Airworld bisa tunanin da Tod Frye ya bari, aka jera shi kusa da ƴan uwansa uku. Yaran da suka aika amsa ta gidan waya a 1983 sun ba hamsin baya kafin su shiga ɗakin farko na duniyar iska, kuma wannan karon ba a sa gasa ba, ba a ambaci takobi ba.